Ba Awakin Idi Suka Ci Ba

Ƙofar Guga, Katsina.
Lahadi, uku ga Nuwamba.

Zuwa ga Yayana Mahmud,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayanta, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da iyali baki ɗaya. Yaya Kumasi, yaya ɗinki, yaya haƙuri da zaman ƙasar mutane? Allah ya sa ciwon bayan nan da zaman keke ya jawo maka ya yi sauƙi. Na ji matarka Jamila ta ce ka ƙi zuwa asibiti, wai kana shafa man zafi, to halinka ne, tun muna yara sai ciwo ya kayar da kai kake yarda kana da shi. Allah ya ƙara rufa asiri, ya albarkaci nema, ya raya mana su Umair bisa tafarkin addini.

Mu nan sai godiya. Damina ta tafi lafiya, gero ya yi kyau a Batagarawa, Hussaini ɗan Kawu ya kawo mana namu kason daga gonar gado tun makon jiya, har da wake kaɗan. Ƙanwarmu Ramla ta yaye yaronta, ta zo ta yi mini kwana biyu ta koma ɗakinta. Gwaggo Delu na nan da ƙafafunta, kullum tana cewa sun ƙare, kullum kuma sai sun kawo ta gidan nan ta duba abin da ban yi daidai ba. An koma makaranta, bana aji uku aka ba ni, yara sun fi tamanin a ɗaki ɗaya, in na dawo gida muryata ba ta fita sai bayan magariba. Mahaifinmu Malam kuwa jikinsa kalau, yana ci yana sha, hawan jinin ma ya sauka. Tsufa ne dai da mantuwar nan, kamar yadda ka sani, ko kuma kamar yadda kake jin labari.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali kowace Juma'a muna waya. Alhaji Mustapha mai goro zai taso wajenku ranar Talata, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta. A waya ba na iya magana da kai, Yaya. Kana tambaya kana ba kanka amsa, kafin in haɗa abin da zan faɗa ka ce to madalla, a gaida kowa. Maganar da ke bakina kuma ba ta gaggawa ba ce. Farkonta shi ne, ba awakin Idi maƙwabcinmu suka cinye shukar baban rinin nan ba. Ƙarya na yi maka shekaranjiya. Ka ce za ka kira shi ka gaya masa maganar da ba zai manta ba. Don girman Allah kada ka kira shi. Mutumin nan duk ranar da Malam ya sulale ya fice daga gida, shi ke ajiye kabu-kabunsa ya hau mashin ya zaga unguwa har sai ya nemo mana shi, bai taɓa ɓata fuska ba. Ban san yadda aka yi bakina ya ɗauko sunansa ba, na dai ga awaki ne mafi sauƙin ɗora wa laifi.

Bari in faro maka daga farko, don kai a guntu-guntu ka ji labarin. Ka san baban da ke fitowa da kansa a gindin ganuwa, bayan tsohuwar karofin da Malam ya yi shekara arba'in yana rini a cikinta. Ba wanda ya shuka shi, tun zamanin kakanmu haka yake, damina ta sauka ya fito, marina su yanka, kaka ta yi ya zubar da 'ya'ya. Ko bayan da karofi ta mutu aka cike ramukan da shara, shi bai fasa fitowa ba. Bara da kaka aka sayar da filin, tifa ta fara juye yashi da bulo za a yi shaguna. Gwaggo Delu ce ta shigo da labarin, ta faɗe shi da ƙarfi a gaban Malam don tana ganin ba ya gane komai. Ashe ranar yana cikin hankalinsa. Ka tuna ya sa na kira ka, na riƙe masa wayar a kunne, ya ce mana mu biyu kada mu bari irin nan ya ɓace, wai baban gindin ganuwa ba irin na kasuwa ba ne, tsomawa uku yake kama zane. Kai ka ce masa in Allah ya yarda, ka ɗauki alkawari. Ni kuma na ɗauki gwangwani na tafi gindin ganuwa.

Ba ka ga yadda leburori suka tsaya suna kallona ba, malamar makaranta da hijabi har ƙasa tana rarrafe cikin ciyawa tana tsinkar kwanso. Wani ya tambaye ni ko maganin basir ne, in da gaske yana ci shi ma ya tsinka. Kwanson siriri ne kamar na wake amma bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ƙwayar cikinsa ba ta kai ta gero ba. Rabin wurin an riga an danne da yashi. Duk abin da na samu, bayan na murje na sheƙe ƙaiƙayin, bai cika rabin ƙaramin gwangwanin tumatir ba. Na ɗaure bakinsa da tsumma na sa a ƙasan akwatina. Bayan kwana huɗu na sake bi ta wurin, har an zuba kankare.

Da ruwan farko ya sauka bana na kasa irin uku. Kashi na farko na zaɓa masa wuri mafi kyau a tsakar gida, kusa da rariya, na kafce ƙasar, na zuba takin tumaki har da ƙari. Ya fito kaɗan-kaɗan, sai ruwa ya ɗauke kwana goma sha takwas, rana ta ƙone shi ina makaranta. Na biyu na ce wannan karon ba zan jira sama ba, safe da yamma ina ba shi ruwa, har ruwan alwalata a kansa nake zubarwa. Ya fito, ya yi ruwan ɗorawa, ya kwanta, na tuge ɗaya na ga saiwar ta ruɓe. Raina ya ɓaci, na ɗauki matacce guda na kai wa Malam Sada mai koyar da aikin gona a makarantarmu. Ya juya shi yana dariya, ya ce ai wannan dangin wake ne, abincinsa a saiwarsa yake haɗawa, ba ya son taki, ba ya son ruwa ya kwanta masa, kuma ƙwayar na da taurin fata, sai an jiƙa ta a ruwan ɗumi ta kwana kafin a shuka. Wato duk wahalar da na yi wata guda ina sha, kashe shi nake yi da hannuna.

Saura tsunkule ɗaya a gwangwani, na rasa inda zan sa shi. Ina cikin wannan tunani wata safiya na je kangon ɗakin Inna ɗebo itace, ka san tun da ruwan shekarun baya ya kayar da bangon gabas ba mu tayar ba. Sai ga tsiro uku a kan tulin jar ƙasar, kore shar, ba mai ba su ruwa, ba mai kallonsu. A wurin na murje kwanson bara, ashe ƙwayoyin da suka zube ne. Na tsaya ina kallonsu, haushi da dariya suka taru mini. Ƙasar bangon Inna da ta ganuwa ai duk ɗaya ce. Na jiƙa sauran irin, washegari na tona da yatsa na binne shi a nan, na ce ko ka fito ko kar ka fito, ni na gama. Cikin kwana shida guda ashirin da shida suka fito.

Daga nan ne aiki ya fara. Gaskiya ne awakin Idi sun taɓa shigowa sau ɗaya, ranar da na manta ƙofar zaure a buɗe, suka tattake guda biyar, kuma shi da kansa ya je ya saro ƙaya ya kewaye mini kangon. Kaji suka tone biyu. Tsutsa ta sauka, kullum kafin in tafi makaranta sai na bi ganye ɗaya-ɗaya ina cirewa. Cikin Agusta aka yi wani ruwa tun hantsi har la'asar, kangon ya cika, na shiga da fartanya ina sare hanya ruwa na dukana, na kwana uku da zazzaɓi. Harkiya da tafasa kuwa kamar da gayya suke fitowa. A ƙarshe guda goma sha bakwai suka tsira, suka kai mini ƙugu, suka yi rassa. Da yamma sai su naɗe ganyensu su yi lamo, da safe su buɗe. Ban taɓa zaton zan san halin ciyawa haka ba.

Duk wannan fa tare da Malam nake yinsa. Ban cika gaya maka ba, don in na fara sai ka ce sai haƙuri, ni kuma kalmar ta ishe ni. Tun ranar da ya yi mana maganar irin nan a waya bai sake kiran sunana ba. Wani lokaci Hauwa'u yake ce mini, yana tambayata me ya sa na bar yara suna yawo a karofi, sai in amsa a matsayin Inna in ce za a kira su. Mafi yawan lokaci kuwa baiwar Allah ce ni. In na kawo masa abinci ya yi mini godiya irin ta baƙo, ya ce Allah ya saka wa mai gidan nan da alheri, sannan ya roƙe ni in nuna masa hanyar gidansu don iyalinsa na jira. Ni ke masa wanka, ni ke ɗaure masa wando, in ya tayar da salla ni ke zama a gefe ina ƙirga masa raka'a. In na tafi makaranta Gwaggo ke zama da shi, in na dawo in tarar da su biyun kowa na ƙarar kowa. Na gaji, Yaya. Ba gajiyar da barci ke warkarwa ba. Akwai ranar da na kama hannunsa na kai shi gaban shukar, na ce Malam ga babanka na gindin ganuwa ya fito. Ya duba ya duba, ya ce zogalen nan nawa ya yi kyau, Allah ya amfana. Ranar na shiga ɗaki na yi kuka, don na ga wanda nake wa wahalar ma bai san ana yi ba, wanda ya ɗauki alkawarin kuma yana Kumasi yana tambayata ko na ƙirga ganyen.

Tsakiyar Satumba ya fara fure. Ƙanana ne, ja mai haske, a jere a jikin ɗan siririn kara, sai ka sunkuya za ka gan su da kyau. Ƙudan zuma suka fara zuwa. Malam Sada ya ce in ƙara haƙurin mako shida, in kwanso ya yi ruwan ƙasa yana ƙara in an girgiza, to iri ya nuna. Ranar Juma'ar da na gaya maka ka yi kabbara har Jamila ta zo tana tambayar lafiya. Ka ce baɗi in ka zo za ka shuka shi kadada guda a Batagarawa. Amma wannan baɗin taka shekara tara ke nan tana hanya.

Washegari Asabar, ba makaranta. Rana ba ta gama fitowa ba ina madafa ina tace gasara, sai na riƙa jin wani sauti daga wajen kango, ƙyas, ƙyas, a hankali kuma a jere. Na ɗauka akuya ce, na fito da muciya a hannu. Malam ne. Ya zaro laujen da nake yanko wa rago ciyawa daga inda nake soke shi a rufin akurki, ya janye ƙayar gefe guda, ya naɗe hannun rigarsa ya ƙulle gindinta a ƙugu yadda marina ke yi. Mutumin da ba ya iya ɗaure wandonsa. Yana tsugune, ya tattara rassa da hagu ya sa lauje taƙi ɗaya daga ƙasa, ya kwantar da su kai na kallon gefe guda. Shida na kwance. Na yar da muciya na ruga zan riƙe masa hannu, bakina ya buɗe zan yi ihu.

Sai ya ɗago ya dube ni, irin duban da ka sani, wanda in mun yi laifi muke neman wurin ɓuya. Ya kira ni Halimatus Sa'adiyya, cikakke, yadda ba mai kirana sai shi. Ya ce mi ya same ni na bar baba ya yi hure, ɗiyar marini guda. Ya ce furen ne ke shanye shunin da ke cikin ganye, ranar da aka ga jan farko ranar ake sa lauje, tun raɓa ba ta bushe ba, wannan kuwa an makara da kwana huɗu ko biyar. Ya ce in daina tsayuwa ina kallonsa, in tahi in ɗauko kwando kafin rana ta yi zafi.

Na san abin da ke gabana sarai, kada ka ce ruɗewa na yi. Na san saura goma sha ɗaya, na san gwangwani ba komai, na san gindin ganuwa ya zama shago. Na san kuma wanda ke yankan shi ne ya ce kada a bari irin ya ɓace, abin da hannunsa ya saba ne kawai ya riga wancan tunanin dawowa. Amma na san wani abu da kai ba ka sani ba. A'a ɗaya ke rusa shi. In ya nufi ƙofa na ce Malam ba fita, sai ka ga idonsa ya zama fanko, ya fara ba ni haƙuri kamar zan doke shi. Kusan shekara ina jiran ranar da zai dube ni ya san ni ce. Na juya na je na ɗauko kwando.

Wunin nan, Yaya, da ka gani. Ya sa na wanke babban turmi, muka zage ganyen, ina daka yana gyara mini riƙon taɓarya, wai ba sakwara nake kirɓawa ba. Warin nan na karofi ya cika gidan, wanda muke toshe hanci muna yara, na ji shi har cikin ƙirjina. Ganyen ya tashi daga kore ya fara duhu, hannuwanmu suka rine. Shi ya dunƙula da kansa, guda tara, ya jera a kan buhu a inuwar bango, ya ce kada rana ta taɓa su kai tsaye sai sun sha iska. Yana aiki yana hira. Ya tuna mini ranar da na tsoma ƙafa a ramin rini ina shekara biyar, Inna ta yi mako tana dirje ni da soso. Da ya ambaci Inna ya ce Allah ya jiƙanta, ya san ta rasu, bai tambaye ni ko ta je unguwa ba. Gwaggo Delu ta shigo ta tarar da shi yana tsokanarta da sunan da yake kiranta suna yara, ta zauna a bakin rijiya ta rufe fuska da mayafi. Ya sha fura da hannunsa. Can ya tsaya ya ƙare mini kallo, ya ce na rame ƙwarai, wa ke wahalar da ni haka? Na ce 'yan makaranta ne. Ya ce in riƙa sassauta wa kaina.

Ya yi azahar raka'a huɗu cif ba wanda ya ƙirga masa, ya kwanta a tabarma a ƙofar ɗaki. Na zauna kusa da shi ina kore masa ƙuda, ina addu'a a zuci. Da la'asar ya farka ya duba tafin hannunsa, ya juya bayansa, ya ce baiwar Allah, wa ya ɓata masa hannu haka, kuma don Allah ina hanyar gidansu. Na ɗebo ruwa na wanke masa, shunin bai fita ba sai bayan kwana goma.

Ban zauna haka nan ba. Gwaggo ta ce kututturen kan sake tohowa, na bi su da ruwa, amma sama ta riga ta ɗauke, zafin kaka ya sauka. Huɗu suka yi toho, gara ta shiga ta ƙasa, cikin mako uku duk suka bushe. Na bi abin da ya rage na ganuwa da ƙafa, daga nan har Ƙofar 'Yandaka, ranar Lahadi biyu a jere, ban ga komai ba sai tafasa da leda da harsashin gini. Hussaini ya tambaya mini a ƙauyukan wajensu, tsofaffi suka ce da akwai, matasa suka ce ba su san shi ba. Malam Sada ya ce ana iya samo irin baba daga wani gari, kuma ban musa ba. Ko da gaske namu ya bambanta da na ko'ina, ko son abin gida ne irin na Malam, ban sani ba, yanzu kuma ba mai iya gwadawa. Juma'a biyar kana tambayata yaya kwanso ina ce maka yana nan. Ta shida na ga lokacin da za ka ce in aiko maka da iri ya yi, shi ne na jawo awakin bawan Allah.

Saura magana ɗaya, wadda ko Gwaggo ba ta sani ba, kuma saboda ita na zauna rubutun nan. Guda goma sha shida Malam ya gani. Na goma sha bakwai yana lungu, bayan guntun bangon da ya rage, daidai inda gadon Inna yake da. Shi ne babbansu, cikin ukun nan da suka fito da kansu, shi ya fara fure, har ya fara fitar da kwanso kore sirara. Daga inda Malam yake tsugune ba a hango shi, idonsa ma ka san yadda yake. Da ya gama na goma sha shida ya miƙe, ya goge lauje a gefen rigarsa, ya tambaye ni ko shi ke nan. Da na ce shi ke nan, da ya yarda. Ba sai na ce masa a'a ba, ba sai na riƙe masa hannu ba, da ransa bai ɓaci ba, da yanzu kwanson ya bushe, guda ɗayan nan ya isa ya cika gwangwanin. A nan ba ni da wata hujja. Na ga ya sauke lauje, tsoro ya kama ni cewa in yankan ya ƙare shi ma zai tafi, don ban san akwai daka da dunƙulawa a gaba da za su riƙe shi ba. Na ce Malam akwai guda a lungu. Na kama hannunsa na kai shi. Ya shafa shi daga ƙasa har sama, ya ce wannan ya ƙoshi, Allah ya yi mini albarka, ya sa lauje. Duka bai fi minti biyu ba.

To ka ji yadda irin baban gindin ganuwa ya ƙare, a hannuna ya ƙare. Ƙaryar da na yi maka ina neman gafararka, Idi ma zan je in same shi in roƙe shi, ko da yake bai san an yi ba. Na shukar kuwa ban san yadda zan nemi gafara ba, don wani lokaci in na wuce kangon sai in ji kamar in kurma ihu, wani lokaci kuma in na tuna ya ce na rame sai in ji ko yau aka sake zan kai shi lungun. In za ka yi fushi ka yi, da ni za ka yi, ina nan inda ka bar ni. Abin da nake roƙo kawai, ranar Juma'a in ka kira kada ka ce mini sai haƙuri, kada kuma ka ce ba komai.

Ka gaishe mini da Jamila da kyau, ka ce na ga atamfar, ta yi mini, Allah ya bar zumunci. Ka gaida Umair da Nafisa, ka ce wa Nafisa gwaggonta na jiran hoton saukarta. A gaida Hajiya Hadiza mai gidan da kuke haya, da duk mutanen Katsina da ke zango. Gwaggo Delu na gaishe ka, ta ce in rubuta cewa ta yi fushi, na rubuta. Ramla da mijinta da Hussaini duk suna gaisuwa.

Malam kuwa ba zan ce yana gaishe ka ba, na daina yi maka ƙarya. Ɗazu na ce masa Mahmud nake rubuta wa takarda, ya ce Allah sarki, ɗan wane gida ne. Amma ran Asabar ɗin nan sau biyu ya tambaye ka. Na ce ka yi tafiya, ya ce tafiyar ta yi tsawo. Da ya gama dunƙulawa ya ware guda ɗaya gefe, ya ce a ajiye wa Mahmudu ya ga yadda ake yi, don har ya bar karofi bai iya ba. Shi ne a cikin ƙullin da Alhaji Mustapha zai ba ka tare da takardar nan. Ka kwance a hankali, kada ruwa ya taɓa shi, shatin yatsunsa na jiki.

Wassalam. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Halimatus Sa'adiyya Lawal.